IT a ɗakin gwajin fiya wata ko a bakin rafin Jakara? Ku ba ni shawara

Ummi Kemistiri:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Ina aji uku a sashen kemistiri, za mu fita IT, wato koyon aiki a wajen makaranta, na wata shida daga watan Mayu. Wuri biyu suka karɓe ni. Na farko kamfanin fiya wata ne a unguwarmu, da ƙafa ma zan je, suna da ɗan ɗakin gwaji, kuma sun ce za su riƙa ba ni na kashewa. Na biyu ofishin wasu injiniyoyi ne da ke aiki tare da wani malamin jami'a, suna bincike kan ruwan magudanai a Kano. Suna neman ɗalibai da za su riƙa ɗebo samfur a rafin Jakara da wasu lambatu duk tsawon damina, a kai lab a gwada. Ba albashi, mota kawai ranar fita. Baba ya ce shi bai ga dalilin da 'yarsa za ta yi shekara uku a jami'a ta ƙare da wasa da ruwan kwata ba. Ni kuma zuciyata ta fi karkata can. Me kuka gani?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, Baba ya fi ki gaskiya. Ni a gefen Jakara na tashi, warinta kawai idan ya shiga hijabinki sai kin wanke sau biyu. IT ai logbuk ne. Ki cika shi, a sa hannu, a buga hatimi, sufabaiza ya zo sau ɗaya ya gan ki cikin farar riga, shi ke nan. Maki ɗaya za a ba ki da wadda ta shiga kwata. Ki karɓi na kashewarki ki huta.

Maman Hanif:
Ni ma'aikaciyar lab ce, kuma ɗaliban IT da yawa sun bi ta hannuna. Kafin ki zaɓa, ki koma wuraren biyu ki yi tambaya ɗaya: me hannuna zai taɓa?

A yawancin ƙananan kamfanonin fiya wata abin da za ki samu bai wuce mitar pH mai auna tsamin ruwa da mitar gishirin ruwa ba, wataƙila da ɗan kwalin gwajin kulorin. Sati biyu kin gama iya su. Gwajin ƙwayoyin cuta da na ƙarafa waje suke kaiwa. Ragowar wata biyar da rabi za ki yi su kina kallon inji yana yanka leda. Amma su ma masu Jakara kada sunan bincike ya ruɗe ki. Akwai wuraren da ɗalibi ɗan dako ne kawai, ya ɗebo ruwa ya miƙa ta taga, bai san abin da aka yi da shi ba. Idan haka ne gara fiya watan, aƙalla ba ki sha wari a banza ba.

Injiniya Mai Ritaya:
Ɗan Fagge, da ma irinku ne suka kashe tsarin. Hukumar horas da ma'aikata ta ITF da aka kafa a 1971 ta fito da SIWES, wato tsarin IT ɗin nan, a 1973 ne saboda masana'antu suna kuka cewa ɗalibai suna fitowa da takarda amma ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Ba don a buga hatimi aka yi shi ba.

Ummi 'yata, abin da ya ja hankalina a bayaninki shi ne watannin. Mayu zuwa Oktoba damina ce cikakkiya, daga ruwan farko har na ƙarshe, da Agusta a tsakiya. Ɗalibin da IT ɗinsa ya faɗa Nuwamba zuwa Afrilu ko ya so ya koyi aikin magudanai ba abin da zai gani sai busasshen lambatu da leda. Ruwan fiya wata kuwa yana nan duk shekara, ko bayan kin gama makaranta za ki same shi.

Bari in ba ki ɗan lissafi ki kai wa Baba. Ruwan sama milimita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya lita ɗaya ne cif. Fuloti mai ƙafa 50 sau 50 ya haura murabba'in mita 230. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, gidan nan kaɗai ya karɓi fiye da lita 11,000. Jarka mai lita 25 sama da 450 ke nan. A da tsakar gida ƙasa ce, tana shanye kaso mai yawa. Yanzu rufi kwano, tsakar gida siminti, ƙofar gida intalok, kusan kashi tara cikin goma na ruwan waje yake fita, kuma a lokaci guda. Ki ninka da gidajen unguwa ɗaya. Wannan ruwan ne kike shirin zuwa aunawa, kuma shi ne yake shiga ɗakunan mutane.

Ɗan Fagge:
Ranka ya daɗe Injiniya, ba sai an yi bincike ba a san abin da ke kawo ambaliya a Kano. Shara ce. Da an ga hadari ya haɗo yara ke fitowa da bokitin shara su juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. A kwashe shara, a ci tarar masu zubawa, magana ta ƙare.

Injiniya Mai Ritaya:
Shara tana ciki, ban musa ba. Amma ko ka share lambatu tas da tsintsiya, idan an gina shi ne don unguwa mai gida ɗari yanzu kuma gida dubu ke zuba masa, zai tumbatsa. Sannan ina kududdufan cikin birni? An haƙa su ne don ɗebo ƙasar gini, amma sun zama ma'ajiya, ruwa ya taru a ciki ya riƙa tsotsewa a hankali. An cike da yawansu da bola an yanka fuloti. Ruwan da suke riƙewa bai fasa sauka ba don an cike su. Ka tuna yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata atamfofi da yadudduka. Ba ledar fiya wata kaɗai ta yi wannan ba.

Matsalar ita ce idan ka zo zana sabon lambatu, lissafin yana buƙatar ka san ƙarfin ruwan da ke sauka cikin minti 15 ko 30, ba jimillar wata ba. Irin wannan awon ƙaranci gare shi ƙwarai a garuruwanmu. Hukumar hasashen yanayi NiMet tana da tasha a filin jirgin Malam Aminu Kano, amma ana iya tafka ruwa a Kabuga a Hotoro kuma ƙura ke tashi. Sai injiniya ya ɗauki lambar da ya samu ya ƙara ɗan wani abu a kai ya ce Allah ya kiyaye.

Ummi Kemistiri:
Na gode Baba Injiniya. Anti Maman Hanif, na kira su na tambaya. Sun ce a bakin ruwa mu za mu auna pH da zafi da gurɓacewar ruwa da iskar oksijin da ke narke a ciki. A lab kuma za mu yi BOD, wato awon oksijin da ƙwayoyin halitta ke cinyewa wajen ruɓar da dattin ruwa, da gwajin E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, da kanmu. Na ƙarafa ne kawai za a kai wani wuri mai injin AAS da ke auna su, amma mu za mu shirya samfurin.

Maman Hanif:
To wannan magana ce. Idan sun cika alkawari kin samu wuri. Amma ki buɗe kunne, don rabin sakamakon banza da ake gani a furojet ɗin ɗalibai tun a bakin rafi ake lalata shi, kafin a iso lab.

Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta dafaffiya ce, ba a ɗauraye ta da ruwan rafin, ba a taɓa bakinta, ba a cika ta taf. Da kin rufe sai cikin kula mai ƙanƙara, kuma a yi ƙoƙari a fara gwajin cikin awa shida. Idan kika bar ta a bayan mota cikin ranar Kano har la'asar, abin da kika ƙirga ba na rafin ba ne, na cikin kwalbar ne. Ta ƙarafa kuma robar da aka wanke da asid ake amfani da ita, a ɗiga asid ɗin naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen ya manne a jikin robar ki samu sakamako mai kyau na ƙarya. Kwalbar BOD ita ce ake cikawa taf ba kumfa ko ɗaya, a ajiye a duhu kwana biyar a ma'aunin zafi 20. Nan ne wutar lantarki za ta nuna miki halinta. Ki tambaye su tun yanzu, idan aka ɗauke wuta da daddare me ke riƙe injin ɗumama, wato wanda ake ajiye kwalaben a ciki? Idan suka yi shiru kin san inda aka dosa.

Kuma ki rubuta a jikin kowace kwalba tun a wurin: wuri, rana, ƙarfe nawa, an yi ruwa ko ba a yi ba. Kada ki ce kya tuna.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ci mini rai. Ranar da gwaji ya lalace ki rubuta ya lalace. Na sha ganin ɗalibi ya leƙa furojet ɗin wanda ya gabace shi ya ɗan sassauya lambobi ya miƙa. Wani ya zo ya kwafi nasa. Bayan shekara biyar sai ka ga rafi ɗaya yana da lamba ɗaya rani da damina, abin da ba ya yiwuwa.

Ɗan Mai Lambu:
Ni tsorona da irin binciken nan daban ne. Mahaifina lambu yake yi a gefen rafin, can gaba wajen da Getsi ke haɗuwa da Jakara. Latas, alayyafo, karas, kabeji, da su aka biya mini kuɗin makaranta. Kullum ɗalibai na zuwa da kwalabe, su ɗebi ruwa, su yanki ganye, su ɗau hoto su tafi. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce Baba ga abin da muka gani. Sai dai ka ji a rediyo an ce kayan lambun wurin guba ne, ciniki ya faɗi. Manomi ne ya zuba gubar? Ruwan da ya tarar ne yake ba shuka.

Maman Hanif:
Gaskiyarka ce, manomi bai zuba ba. Getsi daga Bompai take ɗauko ruwan masana'antu, Jakara kuma ta ɗauko na cikin birni, da na masai da na mahauta, su haɗu su gangara madatsar Wasai a Minjibir. Ta kudu kuma na Sharaɗa da Challawa yana sauka kogin Challawa. Masana'antun jima da sinadarin kuromiyam suke aiki, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma ɗan'uwa, rashin aunawa ba zai cire shi daga ruwan ba. Kuma mahaifinka da ke tsaye cikin ruwan kullum ba takalmi ya fi mai cin latas sau ɗaya a sati shiga haɗari.

Ɗan Mai Lambu:
Ban ce kada a auna ba, Anti. Na ce wanda aka shiga gonarsa ya cancanci a dawo a gaya masa da Hausa. Ko a ce masa watan kaza ruwan ya fi muni, ko ka bar ruwan ya kwanta a rami kafin ka ja, wani abu dai da zai yi amfani da shi.

Injiniya Mai Ritaya:
Wannan yaron ya faɗi abin da ya kamata a rubuta a bangon kowane sashe. Ummi, ki sa shi cikin sharuɗɗanki. Kuma kafin ku tsoma kwalba ku fara zuwa wurin mai unguwa da sarkin lambu ku gaisa.

Malam Na Zaure:
Ni ba fannina ba ne, tambaya nake. A karatun da muka yi a zaure, ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita ba. Jama'a da yawa da wannan suke auna ruwan rijiya da na burtsatse. Yanzu ku da injinanku kuna cewa ruwa garau yana iya zama cuta. Yaya za a haɗa biyun ba tare da an rikita mutane ba?

Maman Hanif:
Allah ya gafarta Malam, ni a ganina ba su ci karo ba, tambaya biyu ce daban. Waccan ta ruwan alwala da wanka ce, ku ne masanansa. Tamu ta abin da zai shiga ciki ce. Dalma ba ta da launi ko wari a cikin ruwa a adadin da take cutarwa. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita, kuromiyam 0.05, naitiret 50, E. coli kuwa kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Babu harshen da zai ɗanɗana 0.01. A Zamfara a 2010, da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje take, ido bai ga komai ba sai da aka auna jini da ƙasa.

Kuma ga inda ya haɗu da aikin Ummi. Lokacin da lambatu ya tumbatsa ya kwanta a unguwa, yana cika masai da sokawe, ya gangara rijiyoyin da ba su da murfi ko da'ira mai tsayi. Bayan kwana biyu rijiya ta kwanta ta yi garau, a ci gaba da sha. Shi ya sa amai da gudawa ke bin bayan ambaliya.

Malam Na Zaure:
Na gamsu. Ai shari'a ma ta hana mutum cutar da kansa ko waninsa. Da za ku riƙa kawo wa limamai irin wannan bayanin a gajarce kafin damina, da an faɗa a masallatai.

Ɗan Yerwa:
Mu a Maiduguri mun gani da ido. Daren 9 ga Satumban 2024 wayewar 10 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari, irin abin da aka yi a 1994. Bayan ruwa ya janye babbar matsalar ita ce wace rijiya ko burtsatse za a sha, wacce za a rufe. A lokacin wanda ya iya gwajin E. coli da auna kulorin ya fi mai babban digiri daraja. Ƙungiyoyin agaji irin waɗannan hannayen suke nema. Ɗan Fagge yana maganar maki ɗaya, amma ranar intabiyu ba maki ake tambaya ba.

Ɗan Fagge:
To ai shi ke nan, kun taru a kaina. Amma ku faɗi gaskiya, alawus ɗin SIWES naira 2,500 ne a wata. Yau wannan ko kuɗin adaidaita na sati ba zai yi ba. Ku masu albashi da fansho kuna cewa yarinya ta bar inda za a ba ta kuɗi ta je aikin lada. Ba kowane gida ne zai iya ba.

Maman Hanif:
Nan kam ba ni da amsar da zan ba ka. Haka ne. Shi ya sa wurare masu kyau 'ya'yan masu hali suka fi samu, don su ne ke iya wata shida ba ko kwabo. Duk mai bincike da ya samu tallafi ya kamata ya sa kuɗin motar ɗalibai da abincin rana cikin kasafi, kamar yadda yake sa kuɗin sinadarai.

Ɗan Fagge:
Kuma da an ƙarasa titin Wuju-Wuju da aka faro a mulkin Kwankwaso na biyu aka rufe Jakara gaba ɗaya, da duk wannan surutun bai taso ba. Amma waɗanda suka biyo baya...

Admin:
Ɗan Fagge, tsaya nan. Ba ma siyasa a zauren nan, ka sani. A ci gaba da maganar IT.

Injiniya Mai Ritaya:
Ba siyasa zan yi ba Admin, gyara ɗaya ne na aiki. Rufe rafi da kankare yana ɓoye shi daga ido da hanci, yana kuma hana a zuba shara kai tsaye. Amma ruwan da ke ciki bai canza ba, yana fita ta ɗaya bakin yadda ya shiga, har ma da sauri, ya sauka kan na ƙasa. Kuma yashe rufaffen lambatu ya fi na buɗaɗɗe wuya da tsada.

Tunda an zo nan, Ummi, ki ji wannan da kyau. Ko da wasa kada ki shiga rufaffen lambatu ko ramin kwalbati, ko wa ya ce ki shiga. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a ciki, idan ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake, mutum ya faɗi kawai. Masu yasar masai da rijiya da yawa ta haka suka tafi, har da waɗanda suka shiga ceto. Kada ki tsaya cikin lambatu idan hadari ya haɗo ko da a inda kike ba a fara ruwa ba, don na sama yana isowa ba sallama. Daga kan gada ake ɗiba, da guga da igiya ko kwalba a bakin sanda. Takalmin roba mai tsawo, safar hannu, takunkumi, allurar tetanus kafin ki fara. Kuma ba a fita mutum ɗaya.

Ɗan Harobanda:
Salamu alekum 'yan uwa, daga Yamai nike bin ku. Mu nan istaj muke ce ma IT, kuma matsalar guda ce. Muna da Gunti Yena, kwarin da ya ratsa gari ya faɗa kogin Isa, wato Neja, shi ma ruwan kanibo, wato lambatu, da na gidaje yake kwasowa, kuma masu garka suna bakinshi kamar na Jakara. Abin da nike so in ƙara ma Injiniya shi ne zancen ajiye awo. A Yamai kogi sau biyu yake cika. Akwai cikar damana wajen Agusta da Satumba, ruwan ja, wanda Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa. Akwai kuma wadda ke isowa daga Gine wajen Disamba da Janairu, ruwanta bai da ja. Da can ta Gine ta fi girma. Yanzu jar ce ke yin ɓarna, kamar a 2020 da ta ci unguwanninmu na hannun daman kogi. An gane hakan ne don akwai sandar awo a bakin kogi da ake karantawa kullum shekara da shekaru, kuma ga hukumar kogin Neja da cibiyar nazarin yanayi da ruwa ta AGRHYMET duk a garin suna tara lambobin. Amma kanibo na cikin gari, wa ke auna shi? Ɗan lakkol ya yi istaj ya rubuta rahoto, a aje a kabad.

Injiniya Mai Ritaya:
Madalla da ɗan'uwa na Yamai. Ciwon ke nan. Mu ma manyan koguna suna da masu kula, NIHSA na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are na lura da Tiga da Challawa. Lambatun cikin gari ne maraya. Kuma awonsa ba ya buƙatar injin miliyoyi. A shafa fenti a bangon lambatu a yi masa alamar santimita. A auna mita goma a gefe, a jefa abin da ke yawo a sama, a duba daƙiƙa nawa ya yi. A raba mita goman da daƙiƙun a samu gudun ruwan, a rage kusan kashi ɗaya cikin biyar saboda ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, a ninka da faɗi da zurfi, ka samu yawan ruwan da ke wucewa. Ma'aunin ruwan sama kuma a kafa a makarantun unguwanni. Da kowane rukunin IT zai yi wannan a wurare guda, ya miƙa wa na bayansa littafin, cikin shekara goma da Kano ta mallaki abin da ba ta taɓa mallaka ba. Amma kowace shekara sabon ɗalibi sabon wuri sabon take, ba abin da ke haɗuwa da wani.

Ke kuma mai kemistiri, ki matsa a ba ku damar kama ruwan farko. Dattin da ya taru a titi da kwata duk rani, man mota, toka, kashin dabbobi, ruwan farko ne ke wanko shi, kuma a kowane ruwa rabin awar farko ta fi ɗauke da shi. Wanda ya zo washegari da hantsi ya ɗiba ya makara. Samfur a farkon ruwa, wani a tsakiya, wani bayan ya ɗauke, a wuri ɗaya. Nan za ki ga lambobi suna motsi.

Maman Hanif:
Injiniya, ruwan Kano da ya fi son dare? Yarinya mace za ta fita ƙarfe biyu na dare kama ruwan farko? Ka sake sa Baba ya hana.

Injiniya Mai Ritaya:
Hajiya ban ce dare ba. Na yamma ma yana isa. Na dare a bar wa mazan rukunin da ke kusa da wurin, su ma daga kan gada.

Ummi Kemistiri:
Na karanta wa Baba lissafin jarkokin da maganar rijiya. Ya yi dariya ya ce ashe shi ya sa tamu ke canza ɗanɗano duk Agusta. Ya yarda, da sharaɗin ba fitar dare, kuma yayana zai je ya ga ofishin da idonsa. Akwai wata ɗalibar ma a rukunin, mu biyu ne mata. Na tambayi maganar wuta, sun ce injin ɗumama yana kan sola. Ɗan Mai Lambu, na yi alkawari zan gaya wa malamin maganarka, in ya ƙi ni zan dawo da kaina in faɗi abin da na iya.

Ɗan Fagge:
Allah ya ba da sa'a. Ki sayi turare da yawa.

Sabon Shiga:
Don Allah kafin a rufe, ni ɗan poli ne, ND1, fannin gwaje-gwajen kimiyya. Namu wata huɗu ne kuma ba ni da wanda na sani. Ina ake samun irin wuraren nan?

Maman Hanif:
Ka fara da hukumar ruwa ta jiharku. A Kano matatun Tamburawa da Challawa suna da ɗakin gwaji, can za ka ga yadda ake gwada yawan alam da za a zuba idan kogi ya yi ja da damina, da yadda ake bin kulorin. Akwai ma'aikatar muhalli, da hukumar RUWASSA mai kula da ruwan karkara, da ofishin NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da hukumar raya kogunan yankinku. Idan za ka iya zaman Kaduna, cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa tana Mando. Ka kai takardar makaranta da kanka wata biyu kafin lokaci, kada ka bar ta wurin mai gadi, ka nemi shugaban lab ka gaishe shi. Wata huɗu na ND1 gajere ne, ka yi amfani da shi ka san mutane, don IT na shekara ɗaya da ke bayan ND2 shi ne wanda za ka koyi aiki sosai.

Sabon Shiga:
Na gode Anti. Idan sun ce sun cika fa?

Maman Hanif:
Ka tambayi ranar da rukunin da ke ciki zai fita, ka koma sati ɗaya kafin ranar.